Inda Ka Ajiye Maki, Nan 'Yan Wasanka Za Su Nufa

Wata Asabar da daddare muna zaune mu biyar a kan tabarma, takardu da fensira da dayis a tsakiyarmu, ni ke jan labari. Kwana biyu na yi ina shirya wani tsohon mai gadin ƙofar birni. Na ba shi tari, na ba shi ɗiya marar lafiya a gida, na kuma ɗora masa wani sirri da zai buɗe wa 'yan wasana rabin labarin in sun yarda sun zauna sun yi hira da shi. Da jarumansu suka iso bakin ƙofar, na gyara zama, na yi tarin nan, na ce da muryar tsofaffi, "Samari, daga ina haka da daren nan?"

Ban rufe baki ba wanda ke riƙe da mayaƙi ya ɗauki dayis ya ce, "Na kai masa sara."

Na ce, "Haba, dattijo ne fa, gaishe ku yake yi."

Ya leƙa takardarsa, ya ɗago ya ce, "Yaya, maki ashirin kacal suka rage min in hau mataki na uku. Nawa ne makin mai gadi?"

Ranar na kwana da haushin yaron nan. Sai da na huce na gane cewa umarnina ya bi. Makonni shida ina raba maki a ƙarshen kowane zama, kuma ban taɓa ba da ko ɗaya ba sai a kan abin da aka kashe. Bakina yana cewa ku yi hira da mutane, ku yi bincike, ku tausaya, fensirina kuwa yana faɗin wani abu dabam. Shi kuma ya saurari fensirin.

Ƙannena, saboda wannan nake rubuto muku, musamman ku da kuka fara jan irin wannan wasa ga abokanku. Wanda bai taɓa zama a kai ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum huɗu ko biyar ne ke haɗuwa su ƙirƙiri labari da baki. Ɗaya shi ne jagora, shi ke bayyana gari da daji da mutanen da ke ciki. Sauran kowa na da jarumi guda, da takardar da aka rubuta ƙarfinsa da gwanintarsa da lambobi. In jarumi ya tashi yin abin da ba a da tabbacin zai yiwu, sai a jefa dayis, irin ƙwayar nan da ake jefawa a lido, sai dai wasu na da fuska takwas, wasu goma, wasu ashirin. Ba a sa kuɗi, ba wanda ke cinye wani. Amma akwai lada, wato makin gogewa, wanda in ya taru jarumi ke ƙara ƙarfi ko ya koyi sabon abu.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1974 Gary Gygax, mutumin wani ƙaramin gari da ake kira Lake Geneva, da Dave Arneson na jihar Minesota suka fitar da Dungeons & Dragons, ƙananan littattafai uku a cikin kwali. Kafin nan abin da su da abokansu suka saba shi ne wasan yaƙi da 'yan sojojin roba ko na dalma: a gwabza, a ga wanda ya ci, a kwashe soja a mayar akwati. A teburin Arneson, a labarinsa na Blackmoor, aka saba da cewa kowa ya riƙe mutum ɗaya, kuma mutumin nan ya dawo mako mai zuwa da abin da ya samu a makon jiya. Sandar nan da ke cika a hankali a wasan wayarku har ta ce kun hau sabon mataki, jikanyar wannan dabara ce.

Ku dubi lissafinsu na farko da kyau, domin darasin duk yana ciki. A bugun masu koyo na 1981, wanda Tom Moldvay ya tsara, mayaƙi na bukatar maki 2,000 kafin ya hau mataki na biyu. Ƙaramin dodon nan da ake kira goblin maki 5 ne. Kowace tsabar zinare da jarumi ya fito da ita daga kogo kuwa maki ɗaya ce. Ke nan ko ka kashe goblin 400, ko ka sunkuci akwati guda mai tsaba 2,000 ka tsira da shi. Ga shi sabon mayaƙi sara ɗaya ko biyu ke kai shi lahira. Me kuke zaton masu wayo suka yi? Sanɗa, toshiyar baki, haɗa dodanni biyu faɗa, lallaɓa mai gadi da daɗin baki, gudu in abu ya ɓaci. Ba wanda ya yi musu wa'azin guje wa zubar da jini. Lissafi ne ya koya musu.

A bugu na biyu na babban littafin wasan, na 1989, aka mayar da makin zinare abin ganin dama. Daga bugun 2000 zuwa gaba nauyin ya koma kan abokan gaban da aka ci galabarsu. A bugun 2014, wanda shi ne yawancinku kuka sani, maki 300 ke kai jarumi mataki na biyu, goblin kuma ya koma maki 50. Jarumai huɗu, goblin 24, kowa ya haura. Gaskiya ne littafin jagora ya yarda a ba da maki a kan sulhu ko warware matsala ba da takobi ba, amma lambar da sabon jagora ke gani a buge ƙarara ita ce ta gefen sunan kowane dodo, ita kuwa yake tarawa. Ni ma ita na tara. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma tsohon mai gadina a wannan rawar ya mutu.

Don haka tambayar farko kafin ku raba maki ko ɗaya ita ce: wane irin labari muka taru mu yi? In na ɓarayin kogo ne, ku biya dukiyar da aka fitar. In na masu bin diddigin kisan kai ne, ku biya sirrin da aka tono. In na gidan sarauta ne da kishi da cin amana, biyan kisan dodo ɓata lokaci ne. Masu ƙirƙirar wasannin da suka fi karkata ga labari sun shafe shekaru suna kokawa da wannan tambaya, kuma ko ba za ku taɓa buga wasanninsu ba, akwai abin aro a wurinsu.

Amsa ta farko ta zo da wuri. A RuneQuest, wanda kamfanin Chaosium ya fitar a 1978, babu mataki sam. Kowace gwaninta na da lambarta cikin ɗari. In ka yi amfani da ita ka dace a lokacin da ake cikin matsi, sai ka yi 'yar alama a gefenta. Bayan an kammala tafiya sai ka jefa dayis, kuma a nan so ake ka jefa sama da lambarka kafin ta ƙaru. Call of Cthulhu na Sandy Petersen, na 1981, ya gaji wannan tsari. Mai iyo na 20 cikin ɗari da wuya ya dace, amma in ya dace kusan tabbas zai ƙaru. Mai 85 kullum yana dacewa, ƙaruwa kuwa sai ya yi sa'a. Duk wanda ya taɓa koyon ɗinki ko tuƙi ya san haka abin yake: watan farko kullum da sabon abu, shekara ta goma sai ka daɗe ba ka ji ka motsa ba. Amma ko wannan na da ƙofar baya. An san 'yan wasan da ke shiga faɗa ɗauke da takobi da gatari da mashi da kulki kamar mai tallan maƙera, suna sauya makami bayan kowane sara don kowanne ya sami alamarsa. Duk tsarin da ka kafa, wani zai nemo inda ya yi rauni, kuma ba mugunta ce ke sa shi ba. Wasa aka ce masa ana yi.

Wasu kuma suka juya abin, suka ce a biya faɗuwa. A Dungeon World na 2012 dayis biyu masu fuska shida ake jefawa. Goma ko sama, ka dace. Bakwai zuwa tara, ka samu amma da tsada. Shida ko ƙasa, abu ya ɓaci, jagora zai jefa ka cikin wata masifa, kai kuma ka rubuta maki ɗaya. In babu ƙari a kan jifar, sau 15 cikin 36 shida ko ƙasa ke fitowa, don haka faɗuwa ba baƙuwa ba ce a teburin. Na ga abin da wannan 'yar doka ke yi wa mutane. Ɗan wasan da a da ba ya yarda jaruminsa ya buɗe baki gaban sarki don lambar iya maganarsa ƙasa take, yanzu shi ke cewa a bar shi ya gwada. In ya kwafsa a yi dariya, a ɗaure shi, ya rubuta makinsa yana murmushi. Wasan Mouse Guard na Luke Crane, na 2008, wanda jarumansa ɓeraye ne masu gadin hanya, ya ma fi tsanani: gwanintar da ke kan 3 ba ta zuwa 4 sai ka dace sau uku, ka kuma faɗi sau biyu. Wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa ba, nan zai dawwama. A Blades in the Dark na John Harper, na 2017, kasada ake biya: duk jifar da ka yi alhali kana cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi tana da maki, ka dace ko ka faɗi.

Wanda ya fi kwanta min a rai cikinsu duka shi ne na wani ƙaramin wasa na 2004, The Shadow of Yesterday, na Clinton R. Nixon. A nan ɗan wasa ne ke zaɓar abin da za a riƙa biyansa a kai, ana kiran abin mabuɗi. Wani ya ɗauki mabuɗin ramuwar gayya, wani na tausayi, wani na soyayya, wani na alkawari. Mai ramuwa yana samun ɗan maki duk sa'ad da ya taɓa maƙiyinsa, yana samun mai yawa in ya yi masa babbar illa. Wannan kaɗai ya isa ya sauƙaƙa wa jagora aiki, domin kowa ya riga ya rubuta masa irin fagen da yake so a kai shi. Amma gwanintar tana wajen fita. Kowane mabuɗi na da hanyar yar da shi, wato jarumi ya aikata kishiyar abin da ya ginu a kai. Ranar da mai ramuwa ya sami maƙiyinsa a ƙasa, wuƙa a wuya, ya kuma sake shi ya tafi, ranar zai iya karɓar maki 10 a dunƙule, ya goge mabuɗin, ba zai sake ɗaukarsa ba har abada.

Ku tsaya ku auna wannan. Ɗan wasa yana da rijiyar da yake ɗiba kullum, ga kuma tayin ya cike ta da hannunsa a ba shi lada mai tsoka sau ɗaya. Duk zaman da maƙiyin ya bayyana, kowa a tabarmar ya san zaɓin na nan rataye. Na aro wannan dabara na liƙa ta a wasanmu. Wata ƙanwarmu tana riƙe da jarumar da aka ƙone wa ƙauye, wata uku tana farautar shugaban maharan. Daren da ta kama shi, na kwatanta mata shi: ya tsufa, ido ɗaya ya mutu, jikansa na laɓe bayan randa yana kallo. Ta riƙe dayis a hannu ta yi shiru har shayin gabanta ya huce. Ba wanda ya yi tari. Can ta ajiye dayis ɗin ba ta jefa ba, ta ce, "Ta mayar da wuƙar kube. Ta ce masa ya ɗauki yaron su bar ƙasar kafin asuba." Ta ja fensir ta soke layin da ke takardarta. Ko lamba ɗaya ta ƙarfin jarumar ba ta motsa ba a wannan minti, amma duk wanda ke wurin ya san ba matar da muka fara da ita ba ce. Wannan nake kira ci gaban jarumi, kuma tun daga ranar da shi nake auna sauran.

Yanzu bari in faɗa muku kuskuren da ya fi na mai gadi muni, don kada ku maimaita. Vampire: The Masquerade, wasan masu shan jini da Mark Rein-Hagen ya fitar a 1991, ya yaɗa al'adar raba 'yan maki kaɗan a ƙarshen zama: ɗaya na kowa da kowa, ɗaya in ka iya faɗin abin da jaruminka ya koya, ɗaya in ka taka rawarka da kyau, da makamantansu. Na karanta, ya burge ni, na ƙara gishiri: kowane dare zan zaɓi gwanin kwaikwayo in ba shi ƙarin maki. Wa kuke tsammani ya riƙa lashewa? Mai babbar murya, mai iya sauya harshe, mai sa mu dariya. Akwai wani yaro mai kunya a cikinmu. Shi ke zana taswira, shi ke rubuta sunan duk wanda muka haɗu da shi, jaruminsa ke ɗaure wa kowa rauni bayan faɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan wata biyu yana mataki guda a bayan kowa. Wata Asabar ya aiko cewa yana da uzuri, ta gaba ma haka, daga nan ba mu sake ganinsa a tabarmar ba. Littafinsa na sunaye yana wurina har yau.

Kuma ko shi gwanin ban amfane shi ba. A da yana kwaikwayo don yana jin daɗi, sai ya koma yana yi yana satar kallona. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da irin wannan. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka yi gwaji a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford, da yaran da dama can suna son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu aka ba su ba zato, wasu ba a ba su komai ba. Da aka dawo bayan mako ɗaya ko biyu aka ajiye kayan zane ba tare da wani alkawari ba, waɗanda aka yi wa alkawarin nan kusan rabin lokacin da sauran suka ɓata a kan zane suka ɓata. Teburin wasa ba ajin yara ba ne, amma na ga ɗan'uwan wannan da idona.

Shawarata a nan ba ta da kwana. Kada jagora ya zama alƙalin gasar kwaikwayo. In ana son a yaba wa juna, a fitar da abin daga hannun mutum ɗaya. A Primetime Adventures na Matt Wilson, na 2004, 'yan wasa ne ke miƙa wa junansu 'yar kyauta nan take in wani ya yi abin da ya burge su. A Blades in the Dark kuwa, a ƙarshen zama kowa ke duba takardarsa ya amsa da bakinsa: na nuna aƙidar jarumina ko asalinsa yau? Mugun halinsa ko tabon da ke zuciyarsa ya jawo masa matsala? In e ne, ya yi wa kansa alama, ɗaya ko biyu. Za ku ce ai sai a yi ha'inci. A iya abin da na gani, an fi samun mai rage wa kansa, har sai abokai sun tuna masa abin da ya yi a farkon dare. Minti goman nan na tuna wa juna sun fi makin kansa daraja, domin a nan mai kunya ke jin cewa an gan shi.

Haka batun wanda bai zo ba. Mutum ya fasa zama don jarrabawa, ko jinyar mahaifiya, ko an aike shi, sai ya dawo ya tarar an wuce shi da mataki. Ya rasa daren, ya kuma rasa matsayi, hukunci biyu a kan laifin da bai yi ba. Mako na gaba jaruminsa ne mai rauni, shi zai fara faɗuwa, sai zuwan ya ƙara fita masa a rai. Ku ba shi abin da kowa ya samu. Wanda ke fashi don raini, magana za ku yi da shi ido da ido a waje. Maki ba bulala ba ne.

Da yawa daga cikinku za su ce su sun huta da duk wannan, sai labari ya kai wata gaɓa jagora ya ce kowa ya hau mataki. Hanya ce mai kyau, ba lissafi, ba wanda aka bari a baya, littafin jagora na 2014 ma ya kawo ta. Aibinta guda ne: in jagora kaɗai ya san inda gaɓar take, 'yan wasa sai su koma masu karatun fuskarsa, suna neman hanyar da ya riga ya shata. Maganin shi ne a faɗi gaɓar a fili, ko ma a bar su su sa ta da kansu. "Ranar da kuka fitar da ɗan'uwanku daga kurkuku, ta kowace hanya, kun haura." Shi ke nan, sauran dabara tasu ce.

Sai saurin hawa. Ku fara da ƙidaya zaman da kuke da shi a gaskiya. In hutun makaranta ne, zama takwas ko goma, kada ku ɗauko tsarin da sai an tara maki 355,000 ake kai ƙarshensa, wato mataki na 20 a bugun 2014. Apocalypse World na Vincent Baker, na 2010, alama biyar kawai yake nema kafin jarumi ya sami sabon abu, don haka kusan kowane zama ko biyu wani na ɗaukar fensir. Dungeon World matakinka da ƙarin bakwai yake nema. Irin waɗannan su suka dace da gajeren zango.

Ku kuma sani cewa kowane ƙarin ƙarfi yana rufe wata ƙofar labari. Wannan ne abin da sababbin jagorori ba su cika hangowa ba. A Dungeons & Dragons, da matsafi ya kai mataki na biyar zai iya tashi sama, ganuwar birnin da ka gina ta zama ado. A wannan matakin dai mai addu'ar ƙungiya zai iya yi wa gawa tambayoyi, ya samar da abinci da ruwa daga babu, ya ma dawo da wanda bai wuce minti guda da mutuwa ba. In labarinka na ayarin da ƙishirwa ke bi a hamada ne, ko na gano wanda ya kashe attajiri, to ka duba abin da mataki na gaba zai ba su kafin ka miƙa. Ba dole ne kowane labari ya riƙa hawa sama ba. Traveller na Marc Miller, na 1977, jarumansa sukan shigo ne a matsayin tsofaffin ma'aikata da sojoji da suka gama koyon abin da za su koya, lambobinsu da ƙyar suke motsi, abin da ke ƙaruwa shi ne jirgi da bashi da abokai da maƙiya. Gizo ma tun da muka san shi bai ƙara ƙarfi ba, kuma ba a gaji da shi ba. A Call of Cthulhu kuwa ilimin da jarumi ke samu game da halittun ɓoye shi ke rage iyakar hankalinsa, gwargwadon saninsa gwargwadon kusancinsa da hauka. A Fate Core na 2013, mafi ƙanƙantar lada ita ce a ba ka dama ka sake rubuta jimla guda cikin jimlolin da ke bayyana ko wane ne jaruminka. "Yaron sarki mai biyayya" ya koma "Wanda sarki ya kora". Ba a ƙara masa ko ɗigo ba, amma zama na gaba dabam zai kasance.

In kuwa lamba ta ƙaru, ku sa a gan ta a cikin labari. Littafin jagora na Gygax na 1979 ya wajabta wa jarumi ya nemi malami ya yi makonni yana horo, yana biyan tsabar zinare 1,500 sau matakinsa a kowane mako, kafin ya haura. Kuɗin ya yi yawa, teburori da dama sun yi watsi da dokar, amma tunanin da ke ƙarƙashinta daidai ne. Ni abin da nake yi yanzu bai wuce tambaya ɗaya ba. Ɗan wasa ya ce jarumarsa ta koyi harbin baka, sai in ce, "Wa ya koya mata, kuma me ya nema a wurinta?" Amsar da zai bayar ta haifar min da sabon mutum, da bashi, da dalilin tafiya ta gaba, ban sha wahalar ƙirƙira ba. Mutanen gari ma su sauya yadda suke yi mata. Mai shayin da a da ke ce mata "ke yarinya" ya fara miƙewa in ta shigo. 'Yan wasa sun fi tuna wannan a kan ƙarin maki biyu na ƙarfin dantse.

Kada kuma ku ji tsoron ƙarshe. Cikin abubuwan da Apocalypse World ke bari ka saya da makinka bayan ka yi nisa, akwai ka sallami jaruminka ya koma gefe ya zauna lafiya, ka ɗauki sabo. A Blades in the Dark, tabo na huɗu a zuciya shi ke raba ɓarawo da sana'ar. A Pendragon na Greg Stafford, na 1985, kowace shekarar labari na ƙarewa da lokacin sanyi, inda barde ke horo, ya yi aure, ya haihu, daga shekara 35 kuma jiki ya fara ja baya, har ranar da ɗansa zai ɗauki takobin, ɗan wasa ya ci gaba da shi. Jarumin da ba ya tsufa, ba ya asara, ba ya iya ajiye makami, sai dai ya yi ta kumbura, ƙarshensa gundura ce, kuma yawanci jagora ne ke fara gajiya da shi.

Yaron da ya sare min mai gadi har yanzu muna wasa tare, shi ke jan nasa teburin ma a yanzu. Abin da na yi bayan daren nan ƙarami ne. Na sami farar takarda na rubuta abu uku da manyan baƙaƙe: sirrin da aka gano, alkawarin da aka cika duk da tsadarsa, da mutumin da aka mayar aboki. Na ajiye ta a tsakiyar tabarma, na ce daga yau nan maki yake, kisa ba ya kawo komai. Aka yi gardama, aka soke ɗaya aka sa wani, muka amince. A zama na biyu bayan nan, shi da kansa ya tsayar da sauran a bakin wata gada, ya ce a dakata a ji abin da mai karɓar kuɗin gadar ke so tukuna.

Ƙannena, kafin zamanku na gaba ku ɗauko takardun 'yan wasanku ku duba makin da kuka raba a zama uku na baya, ku rubuta a kan me aka ba da kowanne. Sannan ku kai jerin gabansu, ku tambaye su ko labarin da suka zo yi ke nan. In sun ce a'a, ku ba su fensirin.